Ramammiyar da Baba Alidu Ya Sayo

Duk wanda ya taɓa sayen sa a Mayanka ta Kumasi cikin shekaru arba'in da suka wuce, in bai san fuskar Baba Alidu ba, to ya san muryarsa. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, da jar hula wadda ta daɗe da daina zama ja. A tsohon Zango aka haife shi, a wani gida mai ɗaki goma sha huɗu, kuma har gobe yana cikinsa. Duk ci gaban da ya samu a harkar muhalli shi ne ya taso daga ɗakin da ke kusa da bayi ya dawo na kusa da zaure, amma in ka ji shi yana ba da labarin sai ka ɗauka bene ya gina. Mahaifinsa da ƙafa ya riƙa koro shanu daga arewa. Shi kuwa tun yana saurayi ya gane tafiyar ƙafa wahala ce, ya zauna a kasuwa ya zama dillali.

Ido kam Allah ya ba shi. Motar shanu za ta iso daga Bawku, dabbobi su sauko a galabaice, masu kuɗi su yi caa a kan masu ƙiba. Alidu sai ya zagaya sau ɗaya, hannu a baya, ya tsaya gaban wata ramammiya da ake hango haƙarƙarinta tun daga bakin titi. Ya buɗe mata baki, ya latsa ƙugu, ya ɗaga wutsiya, ya ce wa wanda ya ɗauko shi, "Wannan." Mutum ya yi kamar zai yi kuka. Bayan wata uku na dusa da harawa, sai ga shi ya dawo da goro yana godiya. Alidu ya karɓi goron ya ce, "Ni ƙashi nake saye. Nama a gida ake yin shi."

Ya kuma san halin masu kaya ciki da waje. A Mayanka, dabbar kirki ba a gaba ake ɗaure ta ba. Tana can baya, bayan mota ko gindin katanga, an ajiye wa wani babban mahauci. In ka nuna ta, mai ita zai ɓata fuska ya ce ai gurguwa ce, ba ta cin abinci, jiya ma tari ta kwana yi. Da Alidu ya ji mutum yana kushe kayansa da bakinsa, sai ya gyara tsayuwa, ba zai bar wurin ba sai da igiyar a hannunsa. Kuma da an tafa hannu an ce "na sallama", magana ta ƙare. A shekara arba'in da ɗaya bai taɓa mayar da dabba ba, ba a kuma taɓa mayar masa ba. Wannan shi ne gidansa, shi ne motarsa, don ba shi da ko ɗaya daga cikinsu.

Shekara biyu da suka wuce ya daina zuwa kasuwa. Ya ce wa mutane gwiwa ce. Gwiwarsa lafiya lau take, sai dai in an zo maganar tashi a taya matarsa Mma Adizatu ɗaukar bokiti. Gaskiyar maganar, yanar ido ce ta fara rufe masa gani. Abu ya fara kamar hayaƙin murhu, ya yi ta kauri har ya zamana saniya da inuwarta duk ɗaya ne a wurinsa. Bai gaya wa kowa ba, ko Adizatu. Ya gwammace a ce Alidu ya gurgunce da a ce idon Alidu ya mutu. Kullum da safe sai ya fito da bencinsa ƙofar gida, ya gane mutane da muryarsu da jan silifansu, ya riga su gaisuwa da ƙarfi don kada a yi zargin komai. Tsoron ranar da za a gane shi yana tare da shi kullum, yana dai rufe shi da barkwanci.

To, ana nan sai ga maganar Ruwaida. Ita ce autarsa, tana aure a Dichemso, kuma shekara takwas tana yi wa wani aiki a shagon ɗab'i a Ayigya, tana tsara katin biki da kalanda da littattafan ɗalibai. Mai shagon ya tattara ya koma garinsu. Ruwaida ta ce ta gaji da yi wa wani bauta, ta kama ɗan shagon da ke jikin zauren gidan mahaifinta. Tun kafin fenti ya bushe aiki ya zo. Hajiya Abibatu, shugabar wata makarantar Islamiyya a unguwar, za ta yi walimar saukar Alƙur'ani ta ɗalibai sittin da uku, tana son littafi mai hoton kowane ɗalibi da sunansa da na iyayensa, cikin kwana goma. A Zango, wanda ya yi wa Hajiya Abibatu aiki ta yaba, ya gama talla. Wanda ta kushe kuma gara ya canza sana'a.

Ruwaida tana da allon kwamfuta da kibod da maus, duk tsohon maigidanta ya bar mata. Kwamfutar ce babu.

"Ni zan sayo," in ji Baba Alidu daga kan benci.

Mma Adizatu da ke tsince wake ta ɗago. "Ei, Malam! Kwamfuta fa aka ce. Ba shi da wutsiya da za ka ɗaga."

"Kaya kaya ne. Wanda ya iya sayen mai rai, mara rai ne zai gagare shi?"

Ruwaida ta so ta hana. Amma ta ga yadda ya miƙe ya gyara hula, irin miƙewar da ta daɗe ba ta gani ba, sai ta fasa. Ta ɗauki takarda ta rubuta sunan ƙaramar kwamfutar da take so da lambarta, ta kwatanta masa shagon Abdul-Kudus a Adum. "Baba, ka miƙa mishi takardan nan kawai. Kar ka zaɓi komai koraa."

"Yoo," ya ce, ya cusa takardar a aljihu.

Takardar nan ba ta ƙara ganin rana ba. Da farko dai ba ya iya ganin abin da ke jikinta. Sannan kuma wane dillali ne zai shiga wurin mai kaya ya nuna masa abin da ransa ke so? Ai an gama da kai ke nan.

Shagon yana saman wani tsohon bene. Alidu ya hau matakalar yana lalube da ƙafa, yana tari da gangan don a ce tsufa ne. Abdul-Kudus ɗan Aboabo ne, mutum mai fara'a, kuma mahaifinsa mahauci ne a Mayanka, saboda haka da ganin jar hular ya taso da sauri ya russuna.

"Baba! Kai ne da kanka? Me ake so?"

"Ana dubawa ne kawai."

Ya zaci zai ga manyan akwatuna irin na ofis. Sai Abdul-Kudus ya jero masa wasu 'yan abubuwa baƙaƙe a kan tebur, kowanne kamar burodin da aka zauna a kai. Ya ce hom-yus ne, ofisoshin ƙasar waje suka gama da su aka kwaso, shi kuma ya goge ya gwada ya gyara. Alidu ya ɗauki ɗaya ya auna nauyinta a tafi. Ya kai hanci ya sansana. Ya girgiza ta a kunne. Sannan ya ajiye ya ce, "Buɗe mata baki."

Abdul-Kudus ya yi dariya ya kwance notin da ke baya, murfin ya zame. Alidu ya sunkuya kamar mai dubawa, amma yatsansa ne ke aikin. Ya ji wasu gurabe biyu siriri, ɗaya da wani abu a ciki, ɗaya fayau.

"Nan fa, me ya fita?"

"Ba abin da ya fita, Baba. Wurin ƙarin ƙwaƙwalwa ne, ram muke ce mishi. In ka sa na biyu, sai ya ƙara gudu. Nan kuma ma'aji ne, inda ake ajiye aiki. Za ka iya cire tsoho ka sa sabo mai sauri."

Alidu ya miƙe a hankali, fuskarsa ta washe. "Kana nufin ana sayen su a rame, a kai gida a yi musu kiwo?"

"To... haka ne, Baba. Kusan haka."

Daɗi ya kama tsohon har cikin ransa. Ashe sana'ar tasa ce, an dai canza mata riga. Ya soma zagaye shagon hannu a baya. Ana cikin haka ƙafarsa ta bugi wani kwali a ƙarƙashin tebur, can ciki, an rufe shi da tsumma. Ya tsaya cak.

"Wannan fa?"

"A'a, Baba, bar wannan. Ba shi da lafiya. Na ware shi ne."

Alidu ya yi murmushi. Shekara biyu rabonsa da jin wannan waƙar, kuma ba ta canza ko kaɗan ba. "Fito da ita."

"Wallahi, Baba, ban gama gwada shi ba. Yana da matsala a ciki. Ka ɗauki waɗannan na sama, duk na gwada su paa."

"Tari take yi, ko? Ko gurguwa ce?"

"Baba, ba wasa nake ba."

"Ubanka ma haka yake rantsuwa in ya ɓoye wa wani Alhaji sa. Wa ka ajiye wa?"

Duk rantsuwar da bawan Allah nan ya ƙara, sai Alidu ya ƙara samun tabbaci. Ya sa aka buɗe ta, ya laluba, ya ji gurabe biyu kamar na sauran, jikinta ma ya fi nasu santsi. Ya taya, Abdul-Kudus ya ce ba ta sayarwa ba ce. Ya jawo kujera ya zauna, ya ɓare goro, ya ce shi ba ya sauri. Masu saye suka shigo suka fita. Da azahar ta gabato, Abdul-Kudus ya ga tsohon nan abokin mahaifinsa ba shi da niyyar tashi, ya sallama a kan abin da bai kai ya kawo ba. Suka tafa.

"Amma bari in rubuta maka takarda, Baba. In ya ba da matsala cikin wata ɗaya, ka dawo da shi in canza maka."

Alidu ya ɗaure fuska. "Ni? Takardar mayar da kaya? Kudus, in ba don ubanka ba, da yau na yi fushi da kai. Riƙe takardarka. Na duba da idona."

Ya sauko da kwamfutar a hammata cikin baƙar leda. A trotro, motar haya, har ya biya wa wata mata kuɗin mota saboda nishaɗi.

Ruwaida ta zaro ta daga leda, ta juya ta, ta karanta bayanta. "Baba, ba wannan na rubuta ba."

"Wadda kika rubuta ta gaban tebur ce. Wannan ta ƙarƙashi ce, wadda ya ɓoye."

Ta sake juya ta. Ƙirar dai kusan ɗaya ce da wadda take so, kuma da aka jona ta da allo ta kama. Sai dai kafin ta gama farkawa, Mma Adizatu ta dama koko ta kawo har an fara sha. Alidu ko a jikinsa. Ya ce yunwa ce, duk ramammiya haka take tafiya ranar farko.

Washegari aka yi kiwon. Ruwaida dama ta tanadi sabon ma'aji da sandar ram mai girma. Ta shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ta ajiye murfin kwalba don zuba ƙananan notuna. Alidu ya jawo bencinsa har bakin shagon, ya kira maƙwabta biyu da mai sayar da waken ƙofar gida su zo su shaida. Ta cire tsohon ma'ajin, wani ɗan ƙarfe mai gurnani, ta sa sabon da bai fi ɗan yatsa biyu ba. Ta shafe rabin yini tana zuba masa kayan aikinta. Da ta gama ta danna maɓalli, kafin mai wake ta gama gyara ɗaurin zaninta allo ya kawo tar.

"Allahu Akbar!" in ji Alidu, wanda bai ga komai ba sai haske, amma ya ji salatin da mutane suka yi. "Kwana ɗaya ke nan fa! Ku bari ta yi wata uku."

Kafin la'asar labari ya kai masallaci cewa idon Alidu ya shiga Adum ya fito da kwamfutar da aka ɓoye wa wani babban mutum. Wasu ma suka ce ta banki ce.

Sai aka zo kan ram. Ruwaida ta zura sabuwar sandar a gurbi na biyu, ta danna har ta ce ƙyas, ta kunna. Allo ya tsaya baƙi, kwamfuta ta yi ƙara sau uku kamar ɗan tsako. Ta cire ta sake sawa, haka. Ta haska fitilar wayarta a ciki, ta daɗe tana kallo.

"Baba, gurbin nan ya ƙone. Ga baƙi nan har jikin farantin injin. Ba ka gani ba da ya buɗe maka?"

Ya sunkuya inda yake jin yatsanta yake, ya ƙura ido, bai ga komai ba sai hazo-hazo mai launin kore. "Ƙura ce," ya ce. "Hure."

Ba ta hure ba. Ta cire ƙaramar sandar daga gurbi mai lafiya ta sa babbar a wurin, kwamfuta ta tashi, kowa ya sauke ajiyar zuciya. Ta fara jera hotunan ɗaliban. Tana kan na tara, allo ya ɗauke ɗif. Ta kunna, ta sake farawa, bayan kwata ɗin awa ya sake ɗaukewa. Ƙunar ta taɓa cikin injin. Da aiki ya yi nauyi ta ɗau zafi, sai ta kashe kanta.

"Ina takardan garanti?"

"Ya so ya ba ni. Na ƙi."

"Ka ƙi?"

"An tafa hannu, Ruwaida."

"Baba, mu mayar mishi. Kudus mutumin kirki ne, zai karɓa."

"Ban taɓa ba. Ba kuma a kan burodin ƙarfe zan fara ba."

Daga nan aka shiga jinya. Alidu ya ce zazzaɓin hanya ne, yana kama dabbar da ta sha doguwar tafiya, balle wannan da ta hau teku. Ya sa aka matsar da ita inuwa. Ya zauna kusa da ita da maficin Adizatu yana yi mata fifita, har Adizatu ta ce shekara talatin da takwas suna tare, ko ranar da ta haihu bai yi mata haka ba. Ya aika aka sayo ruwan leda mai sanyi, aka naɗe a tawul aka ɗora mata a baya. Abin haushi, dabarar ta ɗan yi aiki, kwata ɗin awa ya zama minti ashirin da biyar, shi kuma ya ɗauki wannan a matsayin samun sauƙi. Ruwaida ta koyi adana aiki bayan kowane hoto. Duk da haka wani lokacin in ta ɗauke sai shafi guda ya lalace. Ta daina hira, ta daina cin wake da safe. In kwamfutar ta mutu sai ta dafe goshi ta yi shiru, ba ta taɓa ce masa uffan ba. Shirun nan ya fi masa zagi ciwo.

Ranar da ya rage kwana huɗu, Hajiya Abibatu ta zo da kanta. Alidu ya ji ƙamshin turarenta da ƙarar awarwaronta tun daga kwana, ya tattara mafici ya koma cikin zaure, inda ake jin komai ta tagar shagon.

"Shafi nawa aka yi?"

"Sha ɗaya, Hajiya."

"Cikin arba'in? Ruwaida, iyayen yaran nan har daga Tamale za su zo. Ni don uwarki na kawo miki aikin nan. An ce kuna da inji na banki, me ya faru?"

"Injin ne yake ba da matsala, Hajiya."

"Wa ya sayo?"

Alidu ya kasa kunne daga zaure.

"Ni ce na zaɓa, Hajiya. Ban duba shi da kyau ba. Laifina ne."

"To. Gobe da la'asar zan aiko. In ban ga rabi ba, zan kwashe hotunana in kai wa masu ɗab'in Asafo. Ba faɗa, ba gaba."

Awarwaro ya yi nisa. Tsohon ya zauna a zaure, mafici a cinya. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Yarinya ta yi shekara takwas tana gina sunanta a shagon wani, ranar da za ta fara cin moriyarsa ta ɗauka ta shimfiɗa a kan nasa don kada a taka. Shi kuwa nasa sunan me yake tsare masa yanzu, ban da benci da gaisuwa?

Ya miƙe ya leƙa shagon. "Cire kayanki daga cikinta. Sa ta a leda. Ɗauko mayafinki."

Suka hau trotro zuwa Adum. Da suka hau benen, Abdul-Kudus ya ga ledar, ya ga fuskar tsohon, ya gane. Akwai mutum uku a shagon suna ciniki. Ya yi sauri ya tare su da fara'a.

"Baba, sannu da zuwa! Ai dama ina neman ka. Kuskure na yi ran nan, na ba ka wanda ba shi ba. Kawo in canza."

Ƙofa ce ya buɗe masa, mai faɗi, kuma Alidu ya san ƙofa in ya ji ta, don shi ma ya buɗe wa mutane irinta a Mayanka. Ya ajiye ledar a kan tebur.

"Kudus, kar ka yi ƙarya saboda ni. Ka gaya mini ba ta da lafiya, ka rantse, na ƙi ji. Na zo mayar da kaya."

"Haba, Baba, ƙunan ƙarami ne. Kowa zai iya wuce shi bai gani ba."

"Kowa zai gani. Ni ne ba na gani." Ya cire hula ya share goshi ya mayar. "Shekara biyu ke nan. Kai ɗin ma da kake tsaye, da muryarka na san ka. Ga mai ido nan na kawo, ita za ta zaɓa."

Masu cinikin suka juyo suna kallonsa. Abdul-Kudus ya jawo masa kujera.

Ruwaida ta goge fuska da gefen mayafi ta hau aiki. Ta sa aka sauko da irin wadda ta rubuta tun farko. Ta buɗe ta da kanta, ta haska gurabe biyun, ta juya fankar da yatsa, ta gwada kowace kafa da ke baya ɗaya bayan ɗaya. Ta sa sabon ma'ajinta, ta sa babbar sandar, ta ƙara ƙaramar a gurbi na biyu. Kwamfuta ta tashi ba ƙara ba gardama. Ta roƙi aron allo, ta zauna nan cikin shagon ta loda hotuna sittin da uku gaba ɗaya, ta ce ba inda za ta sai ta ga abin da zai faru. Awa ɗaya ta wuce, ta shiga ta biyu, ta gama shafi shida, injin ko ɗumi bai yi ba sosai. Da aka zo cikon ciniki, bakin Alidu ya yi ta motsi, don a ganinsa ta yi saurin amincewa, amma ya danne. Ta karɓi takardar garanti ta ninke ta sa a jaka, ta kira Hajiya ta ce gobe a aiko da azahar ma, ba sai la'asar ba.

Suka sauko. Adum ta cika maƙil, motoci da 'yan kaya da masu talla kowa na ihu. Suka tsaya a bakin titi.

"Bayan walima za mu je asibitin ido, Baba," in ji Ruwaida. "An ce yanar ido ce, cirewa ake yi. Mma ta riga ta tambayo ranar da likitan yake zama."

Ya juyo. "Adizatu? Yaushe ta sani?"

"Tun azumin bara waccan. Duk gidan an sani. Wa kake tsammani yake kwashe bokitai da murhu daga hanya kafin ka fito alwala? Mma ta tara mutanen gida ta ce duk wanda ya nuna maka ya sani, shi da ita ne."

"Ɗaki goma sha huɗu?"

"Har mai wake."

Ya tsaya baki buɗe. Ya so ya yi fushi, ya nemi fushin ya rasa. Sai ya ji dariya ta taso masa tare da ƙwalla, ya bar su duka suka fito.

"Munafukai," ya ce. "Shekara biyu ina wahalar da kaina."

"Baba, hanya ya buɗe. Mu je."

Ya ɗaga hannu ya lalubi kafaɗarta, ya dafa sosai. Da rana tsaka, a tsakiyar Adum, kowa na kallo, ta shige gaba da kwamfutar a hammata, yana biye da ita har suka tsallaka.